Ja'afaru Mai Faci da Ƙungiyar Kulu Ta Hana

Ja'afaru Mai Faci bai taɓa buga ƙwallo ba. Ƙafarsa ta hagu ta ɗan gaza ta dama tun haihuwa, da ɗingishi yake tafiya. Amma duk wanda ya taka ƙwallo a Haɗejiya a shekarun da suka biyo bayan yaƙin Bama ya san rumfarsa, don a nan kaɗai ake samun famfon iska da roba da danƙon liƙi. In ƙaya ta huda ƙwallo, wurinsa ake kai ta.

Ubansa manomin shinkafa ne a fadama. Wata shekara kogi ya cika ya haura, ya shanye gonar tun shinkafa ba ta yi ciki ba, sai uban ya tura shi Nguru wajen wani ɗan'uwa don a rage bakin ci a gida. A can ya koyi gyaran keke a hannun wani tsohon soja. Da ya dawo, ya kafa rumfa a gindin wata tsamiya a bakin hanyar Malam Madori, ya auri wata yarinyar unguwarsu mai suna Ma'u, sana'a ta karɓe shi.

Ban da faci, abin da aka fi saninsa da shi shi ne baki. Ja'afaru yana iya duban mutum sau ɗaya ya laƙaba masa sunan da zai bi shi har kabari. Ƙungiyoyin ƙwallon wancan lokaci duk suna da sunayensu na Turanci, waɗanda ba mai iya faɗa sai masu su, don haka sunayen da Ja'afaru ya raɗa musu ne suka zauna. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Malam Madori sun taɓa zuwa wasa bayan rana ta kusa faɗuwa, suka ce ba laifinsu ba ne, jirgi ne ya makara. Tun daga ranar suka zama Jirgi Ya Makara. Akawunan En'e kuwa, shugabansu ya shiga fili da alƙalami a aljihu, aka ture shi ya faɗi, ya tashi gaban rigarsa shuɗi. Su kuma suka zama Tawada Ta Zube. Mutane suna jin daɗin wannan, shi ma yana jin daɗin yadda ake maimaita maganarsa a kasuwa.

Ƙungiyar cikin gari ce kaɗai ba ta da suna. Samari ne masu sana'a, teloli da mahauta da 'ya'yan masunta, ba da takalmi suke bugawa ba. Wani malamin elementare, Malam Shu'ibu, shi ke koya musu a filin bayan ganuwa, Ja'afaru kuma yana bin su da famfonsa.

Mai tsaron ragarsu Inuwa ne, dogon saurayi mai dogayen hannuwa, marar yawan magana. Shi ne babban abokin Ja'afaru. Kullum da azahar, in Ma'u ta aiko da abinci, tare suke sa hannu a kwano ɗaya.

Inuwa a hannun yayarsa Kulu ya tashi. Iyayensu masunta ne da suka taso daga wajen Tafkin Chadi, suka bi kogi har suka zauna a Haɗejiya, suka rasu yana ƙarami. Kulu ta goya shi, ta tafi da shi gidan aurenta. Da mijinta Mala ya rasu ba ta sake aure ba, ta kama bandar kifi tana sayarwa a kasuwa. Tarwaɗarta ta yi suna, har fatake daga Jahun suna nemanta. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ɗan masunta guda, amma Kulu ba ta taɓa barinsa ya shiga kwalekwale ko ya hau goran kamun kifi ba. Saƙar kaba ta sa aka koya masa, yana yin tabarma da igiya. Ana cewa ta shagwaɓa shi. Ita dai ba ta tanka wa kowa. Takan aiko wa Ja'afaru da kifi a ganye, saboda yana riƙe da ƙanenta da kyau, shi kuma Ya Kulu yake ce mata, kamar yadda Inuwa ke faɗa.

Wata rana bayan kaka, Jirgi Ya Makara suka zo wasa. Jama'a ta cika fili, an jera, amma ba Inuwa. Malam Shu'ibu ya ce wa Ja'afaru ya hau keke ya ɗauko shi.

Ya yi sallama a zaure. Kulu ce ta fito, idonta ja saboda hayaƙi.

"Ya Kulu, Inuwa ake jira a fili."

"Ba zai je ba yau."

"Lafiya dai?"

"Bai yi barci ba jiya, jikinsa ba daɗi. Ku sa wani."

"Ai tsayuwa kawai zai yi. Bari in gan shi."

"Na hana, Ja'afaru. Ka koma."

Ja'afaru yana hango ƙafar Inuwa ta ƙofar ɗaki, yana zaune. Haushi ya kama shi, ya juya kekensa.

Da ya iso fili, Malam Shu'ibu ya tambaye shi a gaban kowa: "Ina golan namu?"

Ja'afaru ya zaro tsumman da yake goge hannu da shi, ya ɗaura a ka kamar ɗankwali, ya kama ƙugu, ya siranta murya ya ce, "Kulu ta hana."

Fili ya ɗauki dariya, har da mutanen Malam Madori. Aka sa wani mahauci a raga, aka yi ta zura masa ƙwallo, kuma duk wadda ta shiga sai yara su haɗa baki su ce Kulu ta hana. Kafin magariba maganar ta zaga gari. Kafin mako ya kewayo, ba wanda ke cewa 'yan cikin gari kuma.

Bayan wata biyu wani Baturen kamfanin sayen gyaɗa ya ba da kofi, ya ce ƙungiyoyin ƙasar Haɗejiya su yi takara a kai. Dole kowace ƙungiya ta shiga da suna. Malam Shu'ibu ya kawo Taurarin Haɗejiya, samari suka ce ai suna da suna tuni. Ja'afaru ya samo wani falle na kwano, ya rubuta KULU TA HANA da farin fenti, aka riƙa ɗaga shi a bakin fili.

Ranar da yake rubutun a tsakar gida, Ma'u ta tsaya a kansa.

"Sunan matar mutane ka ɗauka za ka kai fili?"

"Wasa ne."

"Ita ta ce maka tana wasan?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da shafa fenti.

A kasuwa abin ya zame wa Kulu masifa. Yara su zo wucewa su ce, "Kulu, yau me kika hana?" Mai sayen kifi in ya taya ta ƙi sallamawa, sai ya juya ga na kusa da shi ya ce ta hana, a fashe da dariya. Mace ce mai kamun kai, wadda ko sunanta ba a cika kira gatsau ba, sai ga shi ya zama abin waƙa a bakin kowa. Ba ta kai ƙara ba, ba ta yi faɗa da kowa ba. Kifin da take aiko wa Ja'afaru ne ya daina zuwa. Ya lura, amma ya ce a ransa fushin mata ne, zai wuce.

Inuwa ma bai tsira ba. A lokacin an kai masa kayan neman auren wata yarinya, Huseina, 'yar wani tela, kuma yayyenta suka fara tambayarsa ko Kulu ta yarda ya yi aure, ko ita za ta riƙa rufe masa ƙofa. Yana buga wasu wasannin, wasu kuma ba a ganinsa, kuma duk ranar da ba a gan shi ba waƙar takan ƙaru.

Wata rana da hantsi ya zo rumfa ya zauna, ya daɗe yana kallon Ja'afaru yana kankare roba.

"Ka sa a cire sunan nan," in ji shi.

"Ni ba zan iya ba. Kai za ka cire shi."

"Ta yaya?"

"In mun kai wasan ƙarshe, ka zo ka tsaya a raga, ko ta hana ko ba ta hana ba. Ka ga bakin kowa ya mutu."

Inuwa ya sunkuyar da kai. "Akwai abin da ba ka sani ba."

"To, faɗa mini."

Daidai nan wani ɗan doka ya turo kekensa da sarƙa a tsinke, Ja'afaru ya miƙe ya tarye shi. Kafin ya gama, Inuwa ya tashi ya tafi. Sun haɗu da azahar, sun haɗu washegari, amma Ja'afaru bai sake tayar da maganar ba. Ya ɗauka wani uzuri ne irin na wanda mace ta fi ƙarfinsa.

Suka kai wasan ƙarshe, kuma da Jirgi Ya Makara za a kara. Lokacin bazara ta tsananta, hadari yana haɗuwa yana watsewa, mutane ba sa iya barci saboda zafi. Ana gobe wasa, Kulu ta zo rumfar da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daga gefe har ya sallami wanda ke gabansa.

"Ja'afaru, maganarka yake ji fiye da tawa yanzu. Ka ce masa kada ya buga gobe."

"Me ya sa, Ya Kulu?"

Ta dubi masu wucewa. "Ba kowace magana ake yi a bakin hanya ba. Roƙonka nake yi. Abin da ka yi mini na bar shi. Wannan kaɗai nake nema."

"To, Ya Kulu. Na ji."

Washegari bayan azahar, lokacin da ya san tana wajen banda, ya zagaya ta bayan gida, Inuwa ya haura katanga, Ja'afaru ya goya shi a keke suka tafi. A hanya Ja'afaru yana ta raha, yana cewa yau za a ga wanda ya hana.

An cika fili har kan ganuwa. Baturen gyaɗa yana zaune a kujera, an ajiye kofi a kan tebur a gabansa. Kafin hutu Inuwa ya yi abin da aka daɗe ana labarinsa. Duk inda ƙwallo ta nufa sai ta tarar da hannunsa. Ja'afaru yana tsaye a bayan raga da famfonsa, yana yi masa kirari.

Bayan an dawo daga hutu ba da daɗewa ba, aka bugo wata ƙwallo marar ƙarfi, tana birgima a ƙasa. Inuwa bai motsa ba. Idonsa a kafe yake a wuri ɗaya, ƙwallon ta wuce ta gefen ƙafarsa ta shiga. Jama'a suka fara zagi. Sai jikinsa ya sandare, ya faɗi ta gefe, ya kama shure-shure, kansa yana bugun sandar raga, kumfa tana fita ta bakinsa.

Wani ya ce, "Farfaɗiya ce."

A wancan zamani mutane sun yarda cewa in yawun mai farfaɗiya ya taɓa ka, ka ɗauka. 'Yan wasan da suka rugo suka ja birki. Masu kallo suka ja da baya, iyaye suna janye 'ya'yansu. Ja'afaru ne ya fi kowa kusa. Ya tako zai kama kan, ya ga kumfar, ya tsaya. Sa'an nan ya ja da baya shi ma, yana ji kan abokinsa yana bugun itace.

Kulu ta keto taron. Ashe da ta duba ɗaki ba ta gan shi ba, ta biyo su a ƙasa. Ta durƙusa, ta janye kansa daga sandar ta ɗora a cinyarta, ta juya shi gefe, ta goge masa baki da mayafinta. Yadda hannunta ke aiki, kowa ya gane ba yau ta fara ba. Da shure-shuren ya lafa, ta ɗago kai, ba ta dubi kowa musamman ba, ta ce, "Wani ya kama mini ƙafarsa mu kai shi gindin bishiya."

Ba wanda ya motsa. Ta sake faɗa. Malam Shu'ibu ya taho daga tsakiyar fili, wani ɗan Kudu cikin 'yan wasan jirgin ƙasa ya biyo shi, su suka ɗauke shi. Ja'afaru yana nan tsaye riƙe da famfo.

Wasan bai ƙarasu ba, aka ba Malam Madori kofi.

Daga baya ne aka ji cewa tun yana yaro ciwon yake kama shi, musamman in bai yi barci ba ko zafi ya yi yawa. Shi ya sa ta raba shi da ruwa. Ta san alamunsa tun kafin ya zo, kuma ta ɓoye shi shekara da shekaru, ba maƙwabcin da ya sani. Ta gwammace a ce ta shagwaɓa shi, ta gwammace a yi waƙa da sunanta, da a san abin da ke damunsa.

Abin da take tsoro kuwa ya faru. Cikin kwanaki kaɗan gidan su Huseina suka mayar da kaya. Masu sayen kifi suka koma wajen wasu, wai ba a san ko ya taɓa ba. Tabarminsa suka taru a zaure. In ya je masallaci, sai a bar rata tsakaninsa da na kusa da shi.

Sau ɗaya ya zo rumfar Ja'afaru bayan wannan, da azahar, kamar yadda ya saba. Goshinsa da tabon sandar. Kwanon abinci yana ajiye a rufe, yanzu aka kawo shi. Suka gaisa, Ja'afaru ya yi masa ya jiki. Suka zauna. Can sai Ja'afaru ya ce, "Yau na riga na ci a gida."

Inuwa ya dubi kwanon, ya dubi hanya. "Ni ma na ci," in ji shi. Ya ɗan ƙara zama, don kada a ce saboda haka ya tashi, sa'an nan ya yi sallama.

Ja'afaru bai iya buɗe kwanon ba. Ya mayar wa Ma'u da shi yadda yake. Ta tambaye shi, ya gaya mata. Ta juye wa yara.

Da yamma ya je wajen Malam Shu'ibu ya tambaye shi ko bai ji tsoron ɗauka ba.

"Ba a ɗauka," in ji malamin. "Malamin asibiti ya sha faɗa. Ka dubi Kulu mana. Tun yana yaro take goge masa baki, me ya same ta?"

Ja'afaru ya yi niyyar zuwa gidan. Ya ce gobe, gobe ta yi ya ce jibi, don bai san da wane ido zai dubi Kulu ba. Ranar da ya je, ya tarar da ƙofa a ɗaure da igiya. Maƙwabta suka ce sun ɗora kaya a jakuna, sun koma wani ƙauye gaba da Kirikasamma, wajen dangin marigayi Mala.

Ya ɗauko fallen kwanon nan ya kankare rubutun, ya roƙi Malam Shu'ibu a koma Taurarin Haɗejiya. Aka koma. Amma ba wanda ya kira su da haka ko sau ɗaya. Daga Malam Madori har Nguru, Kulu Ta Hana aka sani. Shekarar da ta biyo suka ci kofin, aka zaga gari ana waƙa da sunan, mutane suna tsayawa a rumfarsa suna yi masa barka, suna cewa sunan da ya raɗa ya yi albarka. Ya amsa musu sama-sama. Tun daga lokacin bai ƙara laƙaba wa kowa suna ba. Abokan hira suka ce ya zama wani iri, sannu a hankali suka rage zama.

Sai da ruwa ya janye, hanya ta bushe, sa'an nan ya yi ƙarfin hali ya hau keke ya nufi ƙauyen. Gari ne ƙarami a kan tudu, goruba ta kewaye shi, kowane gefe tafki ne ko fadama. Ya tarar da Inuwa a ƙofar gida yana gyara wa masunta komar kamun kifi. Ya rame, amma da ya ga Ja'afaru ya miƙe da murna, ya riƙe masa keke. Tambayarsa ta farko ita ce wa ke tsaron raga yanzu, kuma yana fita ya tari ƙwallo ko jira yake ta same shi.

Kulu ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, kwano biyu, ta ajiye kowa da nasa. Ja'afaru ya ture nasa gefe, ya sa hannu a na Inuwa. Inuwa ya dube shi, suka ci.

Bayan sun wanke hannu ya nemi Kulu ta zauna. Ta zauna a bakin ƙofa.

"Ya Kulu, na zo neman gafara. Ke da shi."

Inuwa ya riga ta. "Ni na haura katanga da ƙafata. Ba ɗaure ni ka yi ba."

Kulu ta ce, "Na ji."

Ya jira ko za ta ƙara, ba ta ƙara ba. Sai ya ce yana so Inuwa ya dawo gari, ya zauna a gidansa, ya koya masa gyaran keke.

"Wa zai kawo keke inda yake?" in ji ta.

"Wanda bai kawo ba ya tura abinsa. Ni kaɗai ne mai faci a garin."

Ta daɗe tana kallon tafkin da ke ƙasan tudu. "A gari ina da inda zan ɓoye shi daga ruwa. Nan ko bayan gida za shi, ruwa ne. Ba na barci da damina. In da gaske kake, ka zo ka tafi da shi."

Inuwa ya ce ko yanzu ma a shirye yake. Ja'afaru ne ya ce a dakata, gidansa ɗaki ɗaya ne, bari ya gina wani tukuna, ba ya so ya kwantar da shi a zaure kamar baƙo. Aka tsaya a kan kafin ruwa ya sauka.

Ya koma ya sa aka yi tubali, aka tayar da gini. Sai azara ta yi wuyar samu, magini kuma ya tafi wani aiki a Jahun. Kafin a rufe ɗakin, damina ta faɗi da wuri, kogi ya cika, hanya ta yanke. Ja'afaru ya ce ba komai, in ruwa ya janye.

Wajen ƙarshen damina wani falke mai kawo kifi ya tsaya a ba kekensa iska. Cikin hira ya ce ai golan nan nasu na da ya rasu. An sa shi korar tsuntsaye a gonar shinkafa, Kulu ta je ɗebo itace, ciwon ya kama shi ya faɗi rub da ciki. Ruwan wurin bai kai gwiwa ba.

Ja'afaru ya gama ba shi iska, ya rufe rumfa. Washegari ya shiga kwalekwalen masunta, aka ratsa da shi ta cikin gonakin da ruwa ya shafe.

Ya tarar da Kulu a kan tabarma cikin mata. Da ta ji muryarsa ta sa aka matsar mata da tabarmar bakin zaure. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa yadda ake amsawa. Sai ya ce mata zai yi duk abin da zai iya a binne sunan nan, ko da zai kai maganar gaban alƙali ne.

"Ka bar shi," in ji ta. "Sunan bai dame ni ba kamar yadda kake zato. Bakin mutane ne, na saba. Ɗaukarsa da ka yi a keke ma, na san ba ka sani ba. Da na faɗa maka, wataƙila da ba a yi haka ba, wannan nawa ne." Ta gyara mayafinta. "Abin da ya ƙi fita daga raina shi ne, na ce a kama mini ƙafarsa, kana tsaye. Ina roƙon Allah ya cire mini shi. Bai cire ba tukuna."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ja'afaru ya ce, "Haka ne, Ya Kulu."

Bayan wasu shekaru idonta ya yi rauni saboda hayaƙin banda, wata 'yar ƙanwar mijinta da ke aure a Haɗejiya ta ɗauko ta. Ma'u ta riƙa kai mata abinci duk Juma'a, Kulu tana karɓa, tana hira da ita, tana wasa da 'ya'yanta. In Ja'afaru ya je gaishe ta, takan amsa, ta tambayi aiki, shi ke nan. Bai sake neman jin ko abin ya fita daga ranta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta rasu a daminar da ake shirye-shiryen karɓar mulkin kai. Ja'afaru yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta, duk da ƙafarsa.

A lokacin samarin da ke buga wa ƙungiyar sababbi ne, yawancinsu ba su san wace ce Kulu ba. Wasu suna cewa wata tsohuwa ce mai gona da ta hana a yi wasa a filinta, wasu suna cewa aljanar ganuwa ce da ke hana ƙwallo shiga raga. Suna kawo masa ƙwallo yana liƙe musu, ba ya karɓar komai. In sun tambaye shi asalin sunan, yakan ce mace ce mai mutunci, kuma tana da dalilinta, sa'an nan ya sunkuya kan aikinsa.

Fili kam bai sake takawa ba. Ranar da ake wasa yakan rufe rumfa tun la'asar, ya ba su aron famfo, ya tura kekensa zuwa fadama, inda gonar da ya gada daga ubansa take. Yakan yi ciro ko gyaran kunyar gona har magariba ta kusa, sa'an nan ya dawo ta wata ƙofar garin, don kada ya bi ta filin.